Shekara Tara Tsakanin Kakuri da Zariya

Ina ɗan shekara 17 na fara taka ɗakin shari'a, a 2003, ranar da na raka mahaifina, Allah ya jiƙansa, sauraron ƙarar da shi da abokan aikinsa suka shigar bayan an rufe masaƙar da suke aiki a Kakuri ba tare da an biya su kuɗin sallama ba. Duk wanda ya tashi a Kakuri ko Makera ko Nasarawa a wancan zamani ya san matsayin masaƙu a wurin mutanen yankin, domin jiniyar canjin aiki ita ce agogon unguwa, albashin ƙarshen wata kuma shi ne ke motsa kasuwa tun daga mai koko har zuwa tela. Mahaifina ya yi shekara 24 a gaban injin saƙa, har kunnensa ɗaya ya daina ji sosai. Ran nan mun zauna a bencin baya tun ƙarfe 9, ba a kira ƙarar ba sai da rana ta take, wasu mutum biyu masu baƙar alkyabba da farar hular nan ta lauyoyi suka miƙe suka yi Turancin da bai kai minti biyar ba, alƙali ya yi ɗan rubutu, sai na ga kowa yana tattara takardunsa. Mahaifina ya juyo gare ni, tunda ni ne ɗan bokon gidan, ya tambaye ni abin da aka ce. Abin da na iya tsinta kawai shi ne an ɗage zaman. Ya gyaɗa kai, ya gyara hularsa, muka tako da ƙafa har gida saboda kuɗin motar da ya rage na cefane ne.

Haka aka yi ta ɗagewa har ya rasu a 2009. Takardun ƙarar suna cikin wata tsohuwar jakar fata a ƙarƙashin katifarsa, kuma da aka zo rabon gado babu wanda ya nuna sha'awarta, sai na ɗauka.

Bayan sakandare na yi difloma a fannin akanta, a 2010 kuma na samu aikin kula da sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a nan Kakuri, ba nisa da ginin masaƙar da ciyawa ta riga ta cinye. Aikina shi ne ƙirga katan-katan da buhunan da ke shiga da fita, da sa hannu a takardar kowace mota. Na yi aure a 2013, Allah ya ba mu 'ya mace bayan shekara guda. Rayuwa ta daidaita gwargwado, amma duk lokacin da na buɗe jakar nan na kalli takardun da har zuwa lokacin ban iya fahimtar rabinsu ba, sai in ji kamar har yanzu ina zaune a bencin baya, mahaifina yana jiran in fassara masa. A 2015 na ji labarin wata makaranta a Zariya da ke ba da diflomar shari'a a ƙarshen mako domin ma'aikata, daga yammacin Juma'a zuwa hantsin Lahadi, na sayi fom ban yi shawara da kowa ba.

Da na sanar da Inna, ba ta ce komai ba na ɗan lokaci. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, kuma ba ta cika yabona a gabana ba. Daga baya ta ce, "To, kai wannan, Allah ya sa abin alfahari ne. Amma ka ji tsoron Allah a kan haƙƙin yarinyar mutane da ka ajiye." Kawuna kuwa dariya ya yi, ya ce ai sunan ma ya faɗi aikin, lauya shi ne mai lauya zance, ya mai da fari baƙi. Shi ma shugabana a wurin aiki, da na je neman ya riƙa sakina da azahar ranar Juma'a, ya kuma ɗauke mini aikin rabin yinin Asabar, sai ya dube ni ya ce, "Malam, taura biyu ba ta taunuwa." Na ce, "Ranka ya daɗe, zan biya sa'o'in a sauran ranaku." Ya amince, da sharaɗin in riƙa zuwa ƙarfe 7 in tashi ƙarfe 6 daga Litinin zuwa Alhamis, kuma ya faɗa mini ƙarara cewa ranar da lissafin sito ya karkace, ranar yarjejeniyarmu ta ƙare.

Shekarar farko ita ce mafi daɗi a duk tafiyar. Da an sallame sallar Juma'a sai in nufi tashar Kawo, in shiga motar Zariya, mu wuce Rigachikun da Maraban Jos da Jaji ina bitar takardu a kan cinyata. Tafiyar kilomita 80 ce ko kusa da haka. A aji na tarar da 'yan sanda da magatakardan kotu da malaman makaranta, har da wani dattijo mai furfura da ya ce shi gardamar filaye ce ta kawo shi. A nan na fara jin labarin shari'ar nan ta 1932 a Birtaniya, ta matar da ta sha lemon kwalba ta tarar da ruɓaɓɓen dodon-koɗi a ciki, wadda daga gare ta aka kafa ƙa'idar cewa mai sarrafa kaya yana da alhakin kiyaye wanda zai yi amfani da su ko da ba su taɓa ƙulla ciniki ba. Ranar Litinin na shiga sito na tsaya ina kallon katan-katan na lemo da wani ido daban. Haka kuma da aka koya mana cewa yarjejeniya ba ta ƙulluwa sai da tayi da karɓa, sai na tuna ijabi da ƙabulin da muka karanta a babin ciniki a makarantar allo ta dare, na ji ashe ba baƙon wuri na shigo ba.

Gab da ƙarshen wannan shekara ne wani malami, yana tsakiyar bayani a kan tsarin kotunan Najeriya, ya tambayi ajin su wa ke da niyyar zama lauyoyi. Fiye da rabinmu muka ɗaga hannu. Sai ya ajiye alli ya yi mana bayanin da ya kamata a ce na nema tun kafin in sayi fom. Difloma ba ta sa mutum ya tsaya gaban alƙali. Dole sai an yi digirin shari'a na shekara biyar a jami'ar da aka amince da ita, ko shekara huɗu ga mai difloma da ya shiga kai tsaye aji biyu, sannan a tafi Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda aka kafa a 1962, mai hedikwata a Bwari da rassa irin na Bagauda a Kano, a yi shekara guda, a ci jarrabawa, kafin a rantsar da mutum. Abin da ya fi dukana shi ne ƙarshen maganarsa: majalisar da doka ta ɗora wa kula da horar da lauyoyi ba ta karɓar digirin da aka yi da karatun ƙarshen mako ko na dare. Ni kuwa duk lissafina ya ginu ne a kan cewa zan gama difloma a ƙarshen mako, in yi digiri a ƙarshen mako, albashina bai motsa ba. Ban ɗora wa kowa laifi ba, domin babu wanda ya yi mini alkawarin haka. Ni ne na ƙi tambaya, kuma da na bincika zuciyata na gane cewa tsoron amsar ne ya hana ni.

A motar dawowa ran nan ban buɗe takarda ba. Na yi kusan wata guda ina juya maganar, ina zuwa aji kamar wanda aka aika. Uwar 'ya'yana ce ta gaji da shiruna ta tsare ni wani dare bayan yarinya ta yi barci. Da na gama yi mata bayani sai ta ce, "Baban yara, in ka bari yanzu, jakar nan za ka ci gaba da buɗewa kana huci har mu tsufa. Ka ƙarasa, amma ka sani ni ma karatun nan nake yi, sai dai ni ba za a ba ni takarda ba." A lokacin na ɗauki maganar a matsayin ƙarfafa gwiwa, ban ji rabinta na biyu ba sai bayan shekaru.

Na kammala difloma a 2017 da sakamako mai kyau. Na nemi shiga aji biyu ta hanyar JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, a 2018 ban samu ba, na sake nema, a ƙarshen 2019 sunana ya fito a Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke harabar Kongo. Kuɗin rajistar farko da na baƙin wando da fararen riguna, waɗanda su ne tufafin ɗaliban shari'a, daga kwasar adashin uwar 'ya'yana suka fito, adashin da ta yi wata goma tana zubawa da kuɗin ɗinki domin ta sayi keke mai amfani da lantarki. Saura matsalar aiki, tunda yanzu karatun na rana ne, Litinin zuwa Juma'a, kuma ƙa'ida ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na laccoci kafin ya zauna jarrabawa. Ajiye aiki ba zai yiwu ba, ga mata da 'ya'ya biyu a lokacin, ga Inna, ga ƙannena. Mafita ɗaya ce ta rage, wato in koma aikin dare, lokacin da manyan motoci ke sauke kaya, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. Babu mai son wannan layin, don haka da na nema ba a ja ni da nisa ba.

Tsarin kwanakina ya zama kamar haka: in miƙa makullin sito da asuba, in wanke fuska a famfon masallacin kamfani, in canza kaya, in hau acaɓa ko Keke Napep zuwa Kawo, in isa Kongo wajen ƙarfe 8 in hanya ta yi kyau. Sau da yawa ba ta yi, domin a shekarun nan ana aikin sake gina titin Abuja zuwa Kano, ana tattara motoci a hannu ɗaya. In an tashi lacca da la'asar sai in juyo, in isa gida gab da magariba, in ci abinci, in kwanta sa'a ɗaya da rabi, in tashi. Ragowar barcina a mota nake yinsa, da kuma bayan sallar azahar a masallacin makaranta, inda na san wani lungu da ba a cika takawa ba. Direbobin Kawo sun san ni har suna ajiye mini kujerar jikin taga domin in jingina kai.

Zan faɗi wani abin da nake jin kunyarsa. Da aka kulle Kaduna a ƙarshen Maris na 2020 saboda annobar korona, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU kuma ta shiga yajin aikin da ya kai har Disamba, da kuma wanda ta sake yi daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022, abokan karatuna 'yan shekara ashirin suna ta kukan ana cinye musu ƙuruciya, ni kuwa a ɓoye hamdala nake yi. A waɗannan watanni ne kawai na yi barci kamar mutum, na ga ɗana ya fara tafiya, na zauna na karanta littattafan da a da sai dai in haddace taƙaitawarsu. Na san yajin ya ƙara mini kusan shekara ɗaya da rabi a kan hanya, amma ba na jin da zan kai ƙarshe in ba domin wannan hutun na dole ba.

Shekarar 2023 ce ta kusa karya ni. Da farko aka shiga ƙarancin takardun naira, ranaku da dama ina da kuɗi a asusu amma ba ni da abin miƙa wa direba. Sannan a ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin motar Zariya ya bi ta, har ya zama abin da nake kashewa a hanya ya fi abin da nake bari na cefane. Ina aji huɗu, ajin dokar filaye da dokar shaida, kwasa-kwasan da ba sa yafe wa mai gyangyaɗi. Wani dare wajen ƙarfe 3, ina zaune da dokar shaida ta 2011 a buɗe a kan tebur, wata mota ta sauke kaya, na sa hannu ban fita na ƙirga ba, abin da ban taɓa yi ba cikin shekara 13. Da safe aka tarar babu katan 40. Ni da nake haddace cewa abin da mutum ya sa wa hannu hujja ce a kansa, ba ni da bakin musu. Aka yanke za a riƙa cire kuɗin daga albashina na wata shida. Shugabana bai kore ni ba, ko da yake sharaɗinmu ya ba shi dama, sai dai ya kira ni ofis ya ce, "Ka tuna maganar taura?" Na ce na tuna, ranka ya daɗe. Kwas ɗin shaidar ma na faɗi, sai da na maimaita shi.

A zangon nan ne kuma 'yata ta kamu da zazzaɓin da ya kai ta ga suma, ranar da nake jarrabawa, wayata a kashe cikin jaka a bakin ƙofar aji. Maƙwabcinmu ne ya ɗauke su a babur zuwa asibiti, shi ya sa hannu, shi ya biya kuɗin ƙarin ruwa. Da na kunna waya na ga kira 19. Na isa bayan isha'i da baƙi da farina, yarinya ta farfaɗo, uwarta kuwa ko kallona ba ta yi ba. Bayan an sallame su ba ta dawo gidana ba, gidansu ta wuce a Tudun Wada. Na je biko na durƙusa gaban mahaifinta, ina jiran faɗa, amma cikin sanyin murya ya ce, "Malam, ba mu hana ka neman ilimi ba. Sai dai ita ta ce shekara uku ke nan rabon da ku zauna ku ci abinci a kwano ɗaya, kuma yaranka sun fi sanin ƙarar ƙofa da muryarka. Wannan a wane littafi aka halatta maka shi?" Ba ni da amsa. A nan ne na ji rabin maganarta na biyu, na kuma tuno gargaɗin Inna. Ni ina ganin da ƙoƙarina da rashin barcina nake sayen karatun nan, ashe mafi yawan kuɗin daga aljihun wasu yake fita: daga kekenta da ba ta saya ba, daga dararen da ta kwana ita kaɗai da yara a gidan haya, daga Inna da na ɗage mata zuwa asibitin ido na Mando sau uku har ƙanwata ta gaji ta kai ta, daga kamfanin da ke biyan albashin mutum a farke yana samun rabinsa.

Ta dawo bayan kwana 12, da sharaɗi ɗaya, cewa daga asubar Asabar zuwa azahar ɗin Lahadi babu littafi a gidan. Na karɓa ina ganin makina zai faɗi, kuma ya ɗan faɗi. Wanda ya sa sharaɗin ya yiwu shi ne wani abokin aikina, Kirista daga kudancin jihar, wanda muka yi musaya da shi: yana riƙe mini daren Juma'a da dararen jarrabawa, ni kuma ina riƙe masa yammacin Lahadi da makon Kirsimeti. Ba mu taɓa rubuta wannan yarjejeniya ba, kuma babu wanda ya taɓa saɓa ta a cikinmu. Na kuma je asibiti bisa matsawarta saboda ciwon kai da ya ƙi ƙarewa, aka ce hawan jini ne, ina shekara 37. Har yau ina shan maganin.

A aji biyar, cikin kwas ɗin dokar kamfanoni, na samu abin da na fito nema tun 2003. Aka koya mana shari'ar Salomon ta 1897, ta wani mai sana'ar takalma a Ingila, wadda ta tabbatar da cewa kamfani mutum ne mai zaman kansa a idon doka, dabam da masu shi, kuma ba a bin masu hannun jari bashin da kamfani ya ci. Aka kuma koya mana jerin waɗanda ake biya idan kamfani ya durƙushe, cewa ko da yake haƙƙin ma'aikata yana cikin basussukan da ake fifitawa, bankin da aka jinginar wa fili da gine-gine shi ke fara ɗaukar nasa daga abin da aka jinginar masa. Na dawo gida na buɗe jakar fata, na karanta takardun daga farko har ƙarshe, a karo na farko ban tsallake layi ba. Masu masaƙar da mahaifina ya yi shekara shida yana ambata a addu'o'insa, doka ba ta taɓa ganinsu a matsayin waɗanda yake bi bashi ba, abin da ya rage na kamfanin kuwa akwai masu jiransa a gabansa. Na kuma lura cewa gyaran tsarin mulki na 2010, wanda ya keɓe shari'o'in ƙwadago ga Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ya zo ne bayan mun binne shi. Na daɗe ina zaton ranar da na fahimci takardun nan zan ji sanyi. Abin da na ji shi ne cewa bayanin duka bai fi na minti goma ba da Hausa, kuma cikin duk masu alkyabbar da ya yi ta gaisarwa a farfajiyar kotu ba a samu wanda ya zaunar da shi ya yi masa ba. Washegari na je na yi wa Inna bayanin. Ta saurara har na gama, ta ce, "Allah sarki. Da ya sani da ya huta."

Na rubuta jarrabawar ƙarshe a 2024, shekara tara bayan na sayi fom ɗin farko. Har yanzu ni ba lauya ba ne, ko da yake 'yan dakon sito sun daɗe da laƙaba mini Barista, suna kawo mini takardun haya da na filaye in duba musu, ina yi musu bayani da Hausa, ina kuma faɗa musu inda iyakata take. Saura Makarantar Horar da Lauyoyi, ita kuwa ba ta da layin dare: shekara guda ce cur ta zaman aji da zuwa kotu da ofishin lauyoyi domin koyon aiki, kuma ana iya tura mutum Yola ko Inugu kamar yadda ake iya tura shi Bagauda. A wannan karon ban sayi fom a ɓoye ba. Mun zauna da uwar 'ya'yana da takarda da biro, mun lissafa kuɗin makaranta da haya da abincin wata 12, muka ga bai kai ba, muka ɗage zuwa shekara mai zuwa. Keken ɗinkin aka fara saya. Wasiƙar neman hutun shekara guda ba albashi kuwa na miƙa ta makonni uku da suka wuce, shugabana ya karanta, ya sa ta ƙarƙashin abin danne takardu, ya ce in ba shi lokaci ya yi magana da na sama.